Tsuntsun da ya ja ruwa

Duk wanda ya ji na yi shekara shida a Masar, tambayarsa ta farko ita ce me na fi kewa a gida. Jira yake in ce masar Bauchi, don ya tuntsire da dariya ya ce kana Masar kana neman masa. Ita ma na yi kewarta. Amma abin da ya fi ci mini rai hadari ne.

A Alƙahira ba su san hadari irin namu ba. Kogin Nilu ne ke shayar da su, sama kuwa sai lokacin sanyi take ɗan yi musu tofi. Ruwan da ke sauka a birnin shekara guda cur bai wuce milimita 25 ba, abin da Bauchi kan samu a yammaci ɗaya cikin Agusta, tunda mu a shekara muna samun wajen 1,000. Suna da wata iska da suke kira hamsin, tana zuwa tsakanin Maris da Mayu, ta turnuƙe gari da ƙura har sama ta yi ja. Ranar da na fara ganinta na fito barandar gidanmu a unguwar Hayyul Ashir ina murna, ina ce wa abokan zamana yau akwai ruwa, domin a wurinmu ƙura irin wannan 'yar aiken ruwa ce. Na tsaya har dare. Ban tashi da komai ba sai yashi a haƙori.

Da abin ya ishe ni sai na riƙa sa ƙanwata ta ɗauko mini ƙarar ruwa a kan kwanon ɗakin Inna, ta turo ta WhatsApp. Minti biyu, wani lokaci uku. Ana jin cida can nesa, ana jin akuya, ana jin Inna tana faɗa a shigo da turmi. Da shi nake barci.

Ba ruwan kaɗai nake kewa ba, har da yadda yake sallama kafin ya shigo. Gari ya wuni da zafi, iska ta ɗauke ɗif, ko ganye ba ya motsi. Wajen la'asar sai gabas ta fara haɗa rai, can ta wajen Inkil a hanyar Gombe, don hadarinmu daga gabas yake tasowa ya nufi yamma. Sai iska mai sanyi ta bugo, ta kwaso ƙura da ledoji da hular wani bawan Allah. Mata na kiran a kwashe shanya, a kama kaji, a jera bokitai a bakin indararo. Inna ta rufe madubi da zane, mai jan kaya a ce ya tuɓe, wai aradu na son ja. Na yi karatun da ya isa in san babu wannan a littafi, amma har gobe ba na iya tsayawa a tsakar gida da jar riga ana walƙiya. Daga nan sai ɗigon farko, manya-manya, kowanne ya tayar da 'yar ƙurarsa, ƙamshin ƙasa ya tashi. Mu kuwa mun riga mun tuɓe, jira muke ya kece mu faɗa. Da ya ɗauke a ruga gindin mangwaro tsintar abin da iska ta kaɗo, da dare a tari shinge a gindin fitila.

Na dawo gida ƙarshen 2017 cikin hunturu, sai da na ƙara jiran wata biyar. Damina ta kankama cikin azumi. Duk ranar da hadari ya haɗo sai in ɗauko kujerar roba in zauna a baranda kamar mai jiran baƙo. Inna ta kan leƙo ta ce, "Kai wannan yaro, mutane na roƙon Allah ya sauke shi lafiya, kai kana washe baki."

Ranar Asabar ce, 16 ga Yuni, 2018, washegarin ƙaramar Sallah. Yara na yawon Sallah da sababbin kaya, samari ba su da zance sai wasan Nijeriya da Kuroshiya na gasar cin kofin duniya da za a buga ƙarfe takwas na dare. Da yamma hadari ya haɗo kamar kullum, ni ma na fito da kujerata kamar kullum. Launinsa ne ya fara ba ni mamaki, ba baƙi ƙirin ba, wani ja-ja ne mai duhu. Sai ƙara. Ba tsawa ba ce, wani gurnani ne da ba ya yankewa, kamar tirela goma sun taho a jere. Na miƙe tsaye. Kujerar nan har yau ban sake sa ta a ido ba.

Ƙofar ɗakin Inna gabas take kallo. Iska ta banke ta, na afka ciki, na tarar silin yana sama yana ƙasa kamar ƙirjin mai barci. Na kamo hannun Inna ko takalmi ba ta sa ba, muka tsallaka tsakar gida zuwa tsohon soron Baba, wanda aka yi da ƙasa da azara tun kafin a haife ni. Muna shiga na waiwaya. Na ji kukan ƙusoshi suna zarewa daga katako, sai rufin ɗakunanmu biyu da falonsu ya ɗaga gaba ɗaya, kamar an buɗe murfin tukunya, ya tsaya jim a sama, ya yi yamma. Sai bayan nan ruwan ya zo.

Mu tara muka kwana a soron. Inna ba ta fasa maimaita addu'ar iska ba, tana roƙon alherinta da alherin abin da ke cikinta, tana neman tsari daga sharrinta. Daga masallacin unguwa wani ya ɗaga murya da kiran salla ba lokacin salla ba. Ƙwallo kuwa ba wanda ya kalla a layinmu, turakun wuta duk suna kwance a titi. Sai da safe muka ji an ci mu biyu da nema, ba wanda ya ce ko kanzil.

Da gari ya waye muka san mu masu sa'a ne. Mu rufi muka rasa, wasu gidajen rai suka rasa, katanga ta danne wani, kwano ya yanki wani. A kwanakin nan kuma gobara ta cinye kasuwar Azare, kafin mako ya zagayo Shugaba Buhari ya zo Bauchi jaje. Ni dai aikina na farko a ranar Lahadin nan shi ne farautar kwano. Gida-gida muka bi da yara, muna sallama muna cewa ko namu ya sauka a nan. Kowa ma nasa yake nema, kuma kwano ba suna a jikinsa. Namu mun gane shi da ragowar koren fenti a baki ɗaya. Wani mun ciro shi a kan dalbejiya, wani a bayan gida na bakwai, a naɗe kamar tabarma. Akwai maƙwabcin da muka yi ja-in-ja da shi a kan falle uku, ƙarshe Baffa ya ce a bar masa, zumunci ya fi kwano. Muka tattara guda 19 masu ɗan dama, muka miƙar da su da guduma, suka tafi gyaran madafa da akurki.

Ɗaki na biyun nawa ne, kuma a cikinsa kwalayen littattafan da na yi dakonsu daga Masar suke. Na fito da su na shimfiɗa a tabarma, ina ɓamɓare shafukan da suka manne da bakin wuƙa, ina ɗora wa kowanne dutse kada iska ta ƙarasa aikinta. Wasu sun kumbura sun ninka kaurinsu. Inna ta zo ta tsaya a kaina da kofin koko, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Tsuntsun da ya ja ruwa..." Ba ta ƙarasa ba. Ta miƙa mini kokon ta wuce.

Mun ja tamfol biyu a kan bangon, muka danne da bulo. Mai unguwa ya aiko a je a rubuta suna, na je na bi layi, na faɗi yawan ɗakuna, aka ɗauki hoton ginin. Mun rubuta, amma ba mu zauna jira ba. Yuni ne, ba a ce wa hadari ya dakata sai takarda ta fito.

Samun kafinta shi ne tashin hankali. Duk wanda ya iya riƙe zarto a garin Bauchi a makon nan ya zama ɗan gata, wasu ma da ba su taɓa riƙewa ba sun zama kafintoci dare ɗaya. Inna ce ta ce a nemo tsohon da ke yi wa Baba aiki. Na same shi a kan rufin wani, ya ce sai jibi, kuma jibin ya zo da asuba da tsohon kekensa. Bai tambayi kuɗi ba, bai ma zauna ba. Ya hau tsani ya bi kan bangon yana shafawa, ya sauko ya tsinci guntun katako a cikin tarkace, ya caka masa ƙusa da hannu kawai. Ta shige kamar cikin gurasa, gari ya zubo.

"Ustazu, ka ga wannan? Gara ta cinye cikinsa tuntuni, fatar ce kawai ta rage."

Ya nuna mini langa-langa, wato ƙarfen nan mai faɗi da ake ɗaure katakon rufi da bango. Guda huɗu rak ya ƙirga a duk ginin, su ma a kan bulon ƙarshe aka kafe su, tsatsa ta gama da su. Na ce, "Baba, ai iskar ce ta fi ƙarfin misali." Ya ce ƙwarai ta yi ƙarfi, ya ga rufin da aka yi da kyau ma ya tafi. Sai ya ce, "Amma ka taɓa ganin iska ta danna wa mutum hula a ka? Cirewa take yi. Haka take wa kwano, tsotsarsa take daga sama. In kuma ta sami ƙofa a buɗe ta shiga ta turo daga ƙasa. Abu biyu sun taru a kan ƙusa ɗaya a ruɓaɓɓen katako, me kake jira?"

Yana naɗe igiyar awonsa ya ƙara wata maganar, ba ma ni yake kallo ba. "Mahaifinka, Allah ya jiƙansa, duk bazara sai ya kira ni mun hau mun duba, ƙusa ɗaya bayan ɗaya. Ya kira magini ya yi wa soro yaɓe. Tun da ya rasu ba wanda ya kira ni."

Shekara takwas ke nan. Na tsaya riƙe da guntun katakon nan, sai ga Baba a idona, cikin dare ana sheƙa ruwa, yana bi ɗaki-ɗaki da fitilar ƙwai, yana ɗaga ta sama yana duba kusurwa, yana ajiye kwano a inda ke ɗiga. Mu muna cikin bargo muna jin daɗin kiɗan ruwa, muna ƙirga tsawa. Na sha ganinsa haka, ban taɓa tambayar kaina me ya hana shi kwanciya ba. Ashe duk daɗin da nake ba da labari a Alƙahira akwai mai tsaye yana gadinsa.

Batun kuɗi an yi shi a soro bayan isha'i. Hamma, yayana, ya turo nasa daga Jos, Goggo ta roƙi a ba ta kwasar adashinta kafin lokaci, Baffa ya ɗauki nauyin siminti. Ni na sayar da kwamfutata.

Kasuwar Muda Lawal muka nufa ni da Baba kafinta. Farashi ya tashi cikin kwana uku, ka yi ciniki a ce maka in ba ka saya ba ga goma a bayanka, kuma da gaskiyarsu, suna bayanka. A wajen 'yan katako tsohon nan ya ba ni haushi kafin ya ba ni ilimi. Kowane katako sai ya ɗaga shi ya ji nauyinsa, ya rufe ido ɗaya ya bi tsawonsa, ya ƙwanƙwasa. Mai lanƙwasa a mayar, ɗanye a mayar, mai ido a tsakiya a mayar. Farin katako mara nauyin nan mai araha ko kallonsa bai yi ba. Mai shago ya fara tsaki, shi ko a jikinsa. A wajen kwano ma haka, ya zaro falle ɗaya ya girgiza ya saurara, ya ce wannan takarda ce, a kawo mai kauri. Bandir ɗaya falle 20 ne, muka ɗauki uku. Na so in rage kuɗi a nan, ya ce, "Ustazu, araha ba ta ado. Wanda ya yi muku na baya ma rage muku kuɗi ya yi." Muka haɗa da ƙusa 'yar inci uku da 'yar inci huɗu, da ƙusar kwano mai hula, da naɗin langa-langa biyu, aka loda a a-kori-kura.

Magini ne ya fara. Ya sauke layi biyu na bulon sama, ya shimfiɗa rodi zagaye da ginin, aka zura langa-langa ta ƙarƙashin rodin a duk inda katakon rufi zai zauna, bakinta biyu suna tsaye sama kamar kunnen zomo, sannan aka zuba kankare. Guda 26 na ƙirga a inda dā huɗu ne. Aka bar shi kwana uku ya kama, ban-ruwansa ma sama ce ta yi mana. Ni kuma aka ba ni aikin da ba ya son ilimi: shafe kowane katako da baƙin mai haɗe da maganin gara. Sati biyu farcena bai koma fari ba, na je ɗaurin aure a haka.

Da aka ɗora katakai, kowanne sai an naɗo masa langa-langa ta kansa an kafe ta gefe biyu. Na kwance da ake buga kwano a kansu ya matso da su kusa da juna fiye da dā. Bakin rufin da ke leƙowa tsakar gida kuma ya rage shi sosai, a nan ne suka yi da Inna, don a inuwar nan take tsinkar zogale da rana.

"Malam, ka cinye mini inuwa."

"Hajiya, nan ne hannun da iska ke kamawa. In kina son inuwa in yi miki rumfa daban, in ta tafi ta tafi ita kaɗai."

Haka aka yi. Shimfiɗar kwano daga yamma ya fara ya nufo gabas, yadda kowane falle zai hau kan na bayansa, bakin haɗin ya ba wa iska baya. Ƙusa a kan tudun kwano ake buga ta, ba cikin kwarin da ruwa ke bi ba. A tsakiya yana tsallake tudu, amma a gefe da kusurwa kowane tudu sai ya sha tasa. Ni ina ciki a kan benci da guduma, duk ƙusar da bakinta ya ɓullo ta ƙasan katako in lanƙwashe shi. A ƙarshe magini ya ɗora bulo ta gabas ya rufe bakin kwanon, abin da suke kira farafet.

Duk aikin nan da ido ɗaya a gabas aka yi shi. A fara da asuba, a so a sauka kafin la'asar. Ni na zo da ilimina na makaranta: sauti na tafiyar mita 340 a daƙiƙa, saboda haka in ka ga walƙiya ka ƙirga, kowace daƙiƙa uku kilomita ɗaya ce. Wata rana na ƙirga har 24 na ce, "Baba, da saura, kilomita takwas ne." Ya riga ya sa ƙafa a tsani. Ya ce shi ba ya lissafi a kan kwano da guduma a hannu, da ya ji cida ya sauka. Nasa ne daidai, duk inda kake jin tsawa aradu na iya kaiwa nan. Ranar rabin rufin ne kawai a rufe, muka ja tamfol da gudu, ruwan ya same mu muna danne shi da duwatsu.

A nan na kama kaina. Ina riƙe da bakin tamfol, gabana na faɗuwa, ina jin kowace iska a cikin hanjina, amma da ƙamshin ƙasar nan ya bugo sai da na ja shi har ƙasan huhu. Kunya ta kama ni, don a layinmu akwai gidan da ake zaman makoki. A Suratur Ra'ad, aya ta 12, Allah ya ce shi ne yake nuna mana walƙiya "khaufan wa ɗama'an", tsoro da tsammani. An taɓa yi mini tambaya a jarrabawa kan i'irabin kalmomin nan biyu, wato matsayinsu a nahawu, na kawo maganganun malamai na ci maki. Na kuma karanta hadisin Nana A'isha cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, in ya ga hadari fuskarsa kan canza, ya shiga ya fita, sai ruwa ya sauka hankalinsa ke kwantawa. Duk na haddace su a garin da ba a cika yin tsawa ba.

Dalbejiyar ƙofar gida ma an yi shari'a a kanta. Hamma ya bugo waya ya ce a sare ta kafin ta faɗo wa sabon rufi. Baba kafinta ya ce shi a ganinsa sababbin unguwannin da ba bishiya sun fi jin jiki, a rage mata kai dai a bar ta. Aka sassabe rassan da suka hau kan gini, ta koma kamar yaron da aka yi wa aski da tsohuwar aska.

Kwana 16 aka yi kafin Inna ta koma ɗakinta, ba silin, sai bayan damina muka sa. Babban hadari na farko ya zo da dare cikin Yuli. Ina jin iska ta juya na tashi, na bi ƙofofi da tagogi, na ɗauki tocila na shiga ɗakin Inna ina haska kusurwa ɗaya bayan ɗaya. Jikokinta uku suna kan katifa sun lulluɓa da zane ɗaya, duk tsawa sai su yi ihu su fashe da dariya. Kwanon bai ko motsa ba. Wuri ɗaya ne ke ɗiga, gindin farafet, na tura roba ƙarƙashinsa, na yi wa bangon alama da gawayi don in nuna wa magini da safe.

Ina tsaye a nan saƙo ya shigo wayata. Wani ƙanen abokina ne da na baro a Hayyul Ashir, ya ji an ce ana ruwa a Bauchi. "Hamma, don Allah ɗauko mini ƙararsa, ko minti biyu ne."

Na ɗaga wayar sama na ɗauka. Kafin in tura na saurara. Ana jin ruwa a kan sabon kwano, ya fi na dā amo. Ana jin cida ta yi yamma, ana jin dariyar yaran. Can wajen ƙarshe sai ga wata murya tana faɗa a rufe ƙofar gabas, a sa mata sakata, wa ya bar ta a buɗe. Sai da na maimaita wurin sau biyu kafin na yarda tawa ce. Na tura masa a haka.